Mai Shuɗin Mayafi

Tabarmar na nan, zanen goyon na nan, jaririn ne babu.

Halima Sadiya ta zo Kalgo daga Gwandu wankan gida. Yau ta fara fita tun bayan arba'in, ta bar Lukuman yana barci kusa da mahaifiyarta, Hajjo. Minti talatin ta yi a kasuwa.

Ta ƙwala wa Inna Hajjo kira, shiru. Ɗakunan maƙwabtansu 'yan Zuru duk da kwaɗo. Kwanon shinkafa da kaza da suka aiko da safe na nan a rufe. A tsakar gida, busasshiyar ciyawa a warwatse.

Ta fita ba takalmi.

"Baba, ka ga an fita da yaro?"

Mai shayin bakin titi ya ɗago. "Wata mai shuɗin mayafi ta wuce da jariri a kan jaki. Wani mai gemu na ja mata."

"Ka san su?"

"Ban kula ba, 'yata. Gemun dai fari fat, amma tafiyar ta saurayi ce. Wasu uku na biye da su da ƙunshin kaya."

Gemun ƙarya, ke nan. Duk labarin satar yara da ta taɓa ji a wurin awo ya dawo mata lokaci guda. Da wane baki za ta gaya wa mijinta? Shekara tara suka yi suna jiran wannan yaron.

Ta bi sawun jakin a cikin yashi. Ƙaya ta soke ta, ba ta tsaya ba. Nono ya jiƙa mata riga. Sawun ya ratsa bayan tasha, ya ƙare a wani dogon gini mai rufin kwano. Ga jakin a ɗaure. Daga ciki, waƙa da ganga.

A bakin ƙofa wata ta riƙe mata hannu. Hajjo ce, zaune a inuwa, tana leƙe.

"Sannu a hankali, kar ki tashe shi. Bara 'yar tsana suka sa, kanta ya cire a gaban jama'a. Maƙwabciyarmu Maman Talatu ta roƙe ni aron Lukuman, ita da ta kwana da ke a asibiti. In hana ta?"

Halima ta leƙa. Ashe coci ne. Can gaba, mai shuɗin mayafi da mai gemun auduga sun durƙusa, Lukuman na sharar barci a kan ciyawa cikin komin dabbobi: shi ne jariri Yesu a wasan Kirsimetin bana.