Wa Ya Toshe Mata Iska?

Ya sake danna maɓallin, kwamfutar ta ƙi ko tari. Allo baƙi ƙirin, akwatin sai ƙaurin roba yake yi. A cikinta kuwa akwai bidiyon bikin mutane, wanda ya bar ta tana haɗawa kafin barci ya kwashe shi a kujera da rana tsaka.

Ya zare wayar wuta ya mayar, ya kwance murfi ya hure fanka. Shiru. Ya taɓa ƙarfen ciki, ya janye hannu ba shiri.

"Wa ya shigo ɗakin nan?" ya daka tsawa.

Matarsa ta leƙo, hannuwanta a baya. "Mu da ka hana ko atishawa a bakin ƙofar?"

"Zafi ne ya dafa ta! Wani ya toshe mata iska, kuma wallahi ko wane ne, yau sai ya bar gidan nan!"

Ya bi ɗakuna yana banka ƙofofi, har ya faɗa ɗakin mahaifiyarsa, wadda zazzaɓi ya kwantar tun jiya. Tana zaune da zane ɗaya, haƙoranta na kaɗawa.

"Inna, ina bargonki?"

"Na'urarka na lulluɓa wa. Na ga ka samu barci, ita kuma sai gurnani take yi, kai kuwa ba ka son hayaniya. Ta yi shiru, ko?"

Matarsa, da ta biyo shi, ta fito da bargon da take ɓoyewa a baya. Ya karɓa, ya lulluɓe tsohuwar. Har yanzu bargon da ɗuminsa.

"Ta yi shiru, Inna."