Cinyar Kaka

Da safe na je asibitin unguwa neman a mayar mini da kitsena. Tun da aka wajabta wa tsofaffi allurar ƙara ƙarfin jiki, sojojin jikina suka tayar da ƙwayoyin halittar da ke barci cikin kitse, duk ya koma tsoka.

"Iya, ki gode wa Allah," in ji ma'aikaciyar. "Yanzu fa buhun masara kike ɗauka."

"Wa ya ce miki dako nake nema, 'yar nan? Jiya zazzaɓi ya kama jikana Sagiru. Na ɗora kansa a cinyar da ta raini uwarsa. Ya yi ta juyi, can ya zame ya sauka, ya ce, 'Kaka, tabarma ta fi laushi.'"