Ɗalibar Salmanu Tela

Fumfuna ce ta tona asirin Salmanu tela. Malam Yusufa mai bishara ya zo shagonsa a unguwar New Bell ta Duwala karɓar wandon da ya kawo a rage masa ƙugu, ya ɗago Littafi Mai Tsarki daga kan kanta, sai ga bangon ya yi furfura, shafukan sun manne da juna. Damshin Duwala ba ya raga wa abin da aka ajiye ba a taɓawa.

Malam Yusufa bai yi faɗa ba. Ya goge littafin da hannun riga, ya ce baftismar Ista na tafe, amma shi ba zai kai wa fasto sunan wanda ba ya buɗe littafinsa ba. Ko dai karatu kullum, ko a jira baɗi. Bara ma haka aka ce wa Salmanu, ga shi bana har ya ɗinka wa kansa farar riga, ya nuna wa duk wanda ya tsaya.

Ya gwada, gaskiya. Da asuba barci ya kayar da shi a aya ta biyu. Da rana ga kakin masinjojin Faransa jibge, ga hira mai daɗi a bakin shago. Da yamma kuwa dara ce a gindin mangwaro. Salmanu ba malalaci ba ne, mutum ne dai da ba ya iya komai sai da 'yan kallo, shi ya sa ko keken ɗinkinsa a bakin hanya yake kafa shi.

Matarsa Asta, 'yar Garwa, ta san kayanta. Wata safiya tana dama koko ta ambata, kamar abin bai dame ta ba, cewa Dada, uwar maƙwabcinsu Jibirilla mai shanu, wadda ba ta daɗe da zuwa daga arewa ba, tana son a riƙa karanta mata littafin nan.

Nan take kan Salmanu ya kumbura. Tsohuwa mai tazbaha a hannu tana neman karatu a wurinsa! Washegari tun kafin koko ya huce ya shimfiɗa tabarma, ya kafa hula. Dada ta shigo, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta zaɓi gefen da ya fi kusa da ƙofa ta zauna.

Da farko yana yi yana tuntuɓe, yana bin baƙi da yatsa kamar mai neman allura a tsumma. Dada ba ta taɓa ƙosawa ba. Idonta na kan fuskarsa, in ya tsaya ta ce to, in ya ɗaga murya ta ce madalla. Ranar da Kayinu ya kashe Habila ma madalla ta ce, Salmanu ya jinjina zurfin tsohuwa, ya ce lalle ta hango hukuncin da ke tafe.

Tsoron kada ta jefo masa tambayar da za ta kunyata shi ya sa ya fara duba karatun gobe tun yau, har abokan dara suka cire shi daga lissafi. Tambayar ba ta zo ba. Abin da ke zuwa shi ne ɗaurin saiwoyi, ta miƙa wa Asta, su shige madafa su yi ta ƙus-ƙus. Wani lokaci in za ta tafi takan ɗora tafin hannu a goshinsa, bakinta na motsi. Ya ɗauki wannan duka a matsayin ladabin ɗaliba, ya sha jiƙon duk da ɗacinsa.

Wata rana aka kwana ana ruwa, lungun ya zama kogi, Dada ba ta iya fitowa ba. Salmanu ya zauna gaban tabarmar da ba kowa, ya ji jikinsa ba daɗi, kamar wanda bai wanke baki ba. Ya buɗe littafin ya karanta shi kaɗai, ya wuce inda ya yi niyyar tsayawa, kuma ya ji daɗin abin.

Ana gab da Ista Malam Yusufa ya dawo, ya yi ta tambaya daga Farawa har Zabura, Salmanu na amsawa kamar yana zare zare. Malam ya ce sunansa ya shiga. Da Salmanu ya tsaya nan da ya tsira da mutuncinsa, amma ina, sai da ya ce ai shi har ɗaliba gare shi, a kira ta a gani.

Dada ta zo, aka gaisa. Malam Yusufa ya tambaye ta wane labari ya fi kama zuciyarta.

"To, madalla," in ji ta.

Malam ya dube ta da kyau. Da yake ya yi shekaru a arewa, sai ya juya harshe zuwa Fillanci. Tsohuwa ta washe baki, ta shiga zuba kamar an buɗe famfo, tana nuna Salmanu da tazbaha. Asta ta tuna ta bar tukunya a wuta. Kafaɗun Malam Yusufa suka fara rawa don dariya.

"Me take cewa, Malam?" in ji Salmanu. "Kayinu ne ko Nuhu?"

Malam ya share hawaye da bakin riga. "Ta ce Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Asta ce ta roƙe ta ta riƙa zama gabanka kowace safiya, wai ka ɗan taɓu, sai ka yi sambatunka kake samun sauƙi, shi ne take tambaya ko jiƙon ya fara aiki."