Kwanukan Ciyayya

Yau hannunsa na dama ya kai loma baki, ba ta faɗi a hanya ba. Ya daɗe yana kallon yatsun, sannan ya ce wa matarsa, "A fitar da kwanona waje."

Tun yana ango yake ciyayya da maƙwabtansa a ƙofar gida, nan Gagarawa. Bayan magariba kowane gida ya fito da kwanonsa, a kewaye tuwon gero, ana ci ana gardamar damina. Da ɓarin jikinsa ya shanye, aka sallamo shi daga asibitin Gumel, sai ya daina fita. Dattijo kamarsa ba zai ci da hagu a gaban mutane ba. Daga ɗaki yake jiyo dariyarsu, har kaka ta wuce, rani ya shigo.

Ya dogara sanda ya fita. Ɗaga loma kam ya iya, amma gutsurar tuwo fa? Yatsun ba su yi wannan ƙarfin ba tukuna.

"Sannu da fitowa, Malam," in ji amininsa, yana matsa masa a tabarma.

Aka buɗe kwanuka. Tuwon kowane gida a yayyanke yake, ƙanana-ƙanana, loma-loma.

"Wa ya gaya muku yau zan fito?"

"Ba kowa," aminin ya ce, yana wanke hannu. "Tun ranar da ka dawo daga Gumel haka muke ci."

Ya yi bisimilla, ya miƙa hannun dama ya ɗauki loma.