Ragon Sunan da Tela Ya Saya a Waya

Tunda ka ce ido ba ya ƙarya, gyara zama ka ji yadda ta kasance da wani tela. An haifa masa jika na fari, ya ce ragon suna nasa ne, kuma sai wanda za a daɗe ana labarinsa a unguwa. Yana zaune a kan keken ɗinkinsa yana latsa waya, sai ga bidiyon wani mai sayar da dabbobi. Rago ne fari fat, da baƙi a ido ɗaya, ƙirji kamar na bijimi, kansa har ya zarce katangar da ke bayansa. Ga kiɗa yana tashi, ga jama'a a ƙasa sai yabo suke rubutawa. Tela ya kalla, ya sake kallo, har zare ya ƙare a keke bai sani ba. Kafin la'asar ya gama ciniki ya biya. Ya kafa ƙaton turke a ƙofar gida, ya sayo igiya mai kauri, ya ce wa mahauci kada ya zo shi kaɗai. Duk wanda ya kawo ɗinki kuwa, sai ya ga rago a waya kafin a auna shi.

Ana gobe suna, maƙwabta suka taru suna jiran motar da za ta sauke rago. Sai ga ɗan acaɓa ya tsaya, da kwando a gabansa. Wani ɗan mitsitsin rago ya leƙo daga ciki, fari fat, da baƙi a ido ɗaya. Tela ya ce lallai ɓatan gida aka yi. Ɗan acaɓa ya ce, "Baba, duba wayarka, shi ne." Tela ya buɗe bidiyon, wannan karon a natse. Ashe mai ɗauka kwanciya ya yi a ƙasa ya ɗago wayar sama. Katangar kuwa ta akurkin kaji ce, ga ma jelar zakara ta leƙo a gefe. Komai yana nan tun ranar farko, ɗoki ne ya rufe masa ido. Mahauci ya ɗaga ɗan ragon da hannu ɗaya, ya ce shi dai wuƙarsa ba ta yanka mai neman nono. Wuri ya kaure da dariya. Tela ya so ya ɗaure fuska, abin ya gagara, shi ma ya yi ta ƙyaƙyatawa har da hawaye. Daga nan ya ɗauki hularsa, ya ja mahauci suka nufi kara, kasuwar dabbobi. Can ya shafa gadon bayan rago, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya ɗaga ya ji nauyi, sannan ya taya. Washegari aka raɗa suna, kowa ya ci nama ya ƙoshi.

Ka ga, hoto ba ya nuna maka sai abin da mai ɗauka ya so ka gani. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a cinikin biri a sama.