Abin da Yaya Ya Faɗa wa Likita

Auta ya lura da wani abu, sai dai bai ɗauke shi a bakin komai ba: duk doguwar maganar da ya yi wa likitar ƙungiyarsu, in ta bi ta bakin Yaya sai ta koma kalma biyu.

Matashin ɗan ƙwallo ne, bai daɗe da samun ƙungiya a ƙasar waje ba, kuma ba ya jin yaren mutanen ko kaɗan. Yayansa da ya taɓa zama a can shi ya rako shi, ya zama wakilinsa, ya zama bakinsa da kunnensa. Ƙungiya ta ɗaukar wa baƙin 'yan wasa malamin yare, amma Yaya ya ce, "Kai da ƙafa aka kawo ka ka yi magana. In ka iya yaren, ni mene ne amfanina?" Auta ya yi dariya, ya daina zuwa aji. Dama shi da karatu ba su taɓa shiri ba.

Ana cikin haka gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo. Da safe sai ya dafa ƙarfen bene kafin ya sauko. In ya juya da gudu a fili, sai ya ji kamar ƙafar za ta zame ta bar shi.

A ɗakin likita ya naɗe wando ya nuna wurin. "Yaya, gaya mata can ciki nake jin ciwon. Jiya har ƙara ta yi, ƙas, kuma tana zamewa."

Yaya ya juya ya faɗi wata 'yar gajeriyar magana. Likita ta danna gwiwar, ta yi dogon bayani tana ɗaga yatsa.

"Me ta ce?"

"Ta ce gajiya ce. Ka ɗora ƙanƙara, ka buga wasanka."

"Duk wannan surutun?"

"Ka san su da tsawaita zance."

A ƙarshen makon nan ne wakilan wata babbar ƙungiya za su zo kallon Auta. Yaya ya sayo sabuwar kwat, yana ta gwada ta a gaban madubi. Ranar wasa ya danƙa wa ƙanensa maganin kashe zafi. "Wasa ɗaya ne, Auta, ka cije. Umma ta riga ta baza wa dangi labari, kada ka ba mu kunya."

Auta ya cije. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci ya karɓi ƙwallo, ya juya zai yanke mai tsaron baya. Babu wanda ya taɓa shi. Ƙarar kawai ya ji, sai ga shi a ƙasa yana yagar ciyawa da hannu. A makara aka fitar da shi, wakilan kuma ba su jira an tashi ba.

Bayan an yi masa aiki, asibiti ya kawo nasa tafintan, wata dattijuwa mai gilashi. Yaya ya ce ba a buƙatarta, aka ce doka ce. Ya koma jikin taga ya tsaya, da kwat ɗinsa a hannu.

Likitar ƙungiya ta shigo ranta a ɓace, ta yi magana. Dattijuwar ta ce, "Ɗana, tambayarka take, me ya sa ka ɓoye mata? Ta ce kullum amsarka ita ce ɗan tsami ne kawai. Duk da haka ta gargaɗe ka, in ka ji ƙara ko ƙafar ta zame, kada ka taka fili sai an ɗauki hoto."

Auta ya ce, "Mama, sake faɗa."

Ta maimaita, ba ta rage komai ba.

"Tambaye ta, zan sake buga ƙwallo?"

Wannan karon amsar ta iso masa da tsawonta. Jijiyar ta tsinke, guringuntsin ya lalace. Da ya huta tun farko, da 'yan makonni sun isa. Yanzu tafiya dai zai yi, amma irin gudun da aka ɗauke shi dominsa, da wuya ya dawo.

Auta ya juya wajen taga. "Yaya, na ce maka ta yi ƙara. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

"Auta, saurara, don gidanmu na..."

"Ƙafata ce! Ba taka ba, ba ta gidanmu ba! Ina kwance ina mata bayani kamar wawa, kai kana tsaye kana sayar da ni a gabana, ina ma yi maka godiya!" Ya fizgi robar ruwan da ke gefen gado ya yi jifa da ita, ta daki bango. Haushin kansa ma ya ishe shi, da ya tuna ajin nan da ya bari yana dariya. "Ga likita nan. Ai ka iya yare. Fassara mata abin da ka yi. Ko shi ma kalma biyu ne?"

Likita ta dubi Yaya, dattijuwar ma ta dube shi ta saman gilashi. Ya buɗe baki, yaren ya ƙi fitowa. Ya sunkuyar da kai, ya raɓa ta bayan gadon, ya ja ƙofar a hankali.

Jama'a, duk inda neman abinci ya kai ku, ku koyi yaren wurin, kada ku bar wani ya riƙa magana a madadin jikinku, ko da ciki ɗaya kuka fito. Ku kuma 'yan uwa, ku ji tsoron Allah: lafiyar yaron da kuka tura nema ta fi duk abin da zai kawo muku.