Waɗanda Ba Su Fashe Ba

Da hantsi ta gano kuskuren da ta shekara tana yi.

Aikinta shi ne ta tsare dunƙulen ƙwayoyin zinare a tarkon lantarki, ta harbe su da hasken leza. Wanda ya kasa jure zafin sai ya tofar da ƙwaya ɗaya, na'ura ta ƙirga. Wanda bai fashe ba kuwa, sai ta rubuta cewa hasken ya kuskure shi.

"Malama, ai ya same su," in ji wani tsoho mai gyaran na'urar. "Zafin suke fitarwa sannu a hankali, injinki ne ba ya gani."

Nan take ta tuna gida. Shekara uku mahaifinsu yana kwance. Ƙaninta ya yi zuciya ya bar gida, ta lallaso shi. Auta ta yi kuka, ta rarrashe ta. Yaya ce ke juya mahaifin tana wanke shi, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Ta fita ta kira Yaya a waya.

"Baba da sauƙi," in ji Yaya.

"Ke nake tambaya, Yaya."

Sai ta ji numfashin yayarta yana rawa.